Baƙin Garin da Kaka Ya Bari

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Kakana na wajen uba ya rasu wata Laraba da hantsi, a gidansa da ke Tudun Wada a Gusau, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana jinyarsa ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ba mutuwar ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, don ita rigar kowa ce. Tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida ne suka sa ni, domin da na leƙa ta zaure sai na ga rabinsu babu kowa a kai.

Mutumin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa wajen koyar da ilimin sinadarai. Da wuya ka shiga ofis ko asibiti a Gusau ba ka tarar da wanda ya taɓa zama a ajinsa ba. Amma masu zuwa gaisuwa a tsaye suke yi. "Ya haƙuri? Allah shi gafarta mashi," sai su shafa fatiha su haye babur, kamar an aiko su ɗaukar wuta. A cikin gida kuwa mata suna jan carbi, idanunsu na kan ɗan ɗakin nan na kusurwa mai kwaɗo, inda Kaka yake aikinsa. Da kunnena na ji wata maƙwabciya ta finciko ɗanta daga bakin ƙofar tana cewa, "Kauce nan, kar abin ya tashi da kai." Wata kuma ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah dai shi ne masanin abin da ke ɓoye." Wallahi da ba gidan makoki ba ne, da ta ji abin da ke bakina.

Daga Nahuce, mahaifarsa a ƙasar Bungudu, ko mutum ɗaya bai zo ba. Har ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Kakan Nahuce, bai zo jana'iza ba, bai kuma aiko ba. Wanda ya zauna tun daga dawowa maƙabarta har magariba shi ne wani tsohon Bafulatani, aminin Kaka tun suna yara. Shi kaɗai ne a kan tabarmarsa, kowa ya zo sai ya zaɓi wata.

Gara in faɗi dalili tun yanzu. Cewa aka yi Kaka albarushi yake haɗa wa ɓarayin daji. Wanda ba ya zaune a Zamfara zai ɗauka tsegumi ne irin na unguwa. Mu mun san irin wannan magana kan kai mutum lahira. Baffa, wan mahaifina kuma babban ɗan Kaka, fataucin hatsi yake yi tsakanin kasuwannin Gusau da Bungudu da Tsafe. Duk ranar kasuwa sai ya ratsa shingen 'yan sa-kai, kuma an fara nuna shi da baki ana cewa ga ɗan mai albarushi nan. Kaka ya tafi inda harshe ba ya isa, amma ya bar mana sunan a wuya.

Ni a hannunsa na tashi, don mahaifina ya rasu ina ƙarama. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa ango mai baƙin hannu, wanda ko sabulun wanki ya gaji da shi. Har na yi aure, na haihu, na zama malamar makaranta, sunan bai canza ba. Saboda haka na san abin da ke cikin ɗakin nan kamar yadda na san tafin hannuna.

Da ya yi ritaya, tsararrakinsa suka koma gindin bishiya suna sauraron rediyo, shi kuwa ya koma kan batir. Abin da ya dame shi fitilun sola ne. Za a kafa su a ƙauye, su yi haske kwana biyu, batir ya mutu, a bar faifan solar a kan rufi tantabaru na yi masa kashi. Sai ya nuna mini kwanon gidanmu da tsakar rana ya ce, "Amarya, duba nan. Tun safe rana tana zubo muna dukiya, mu ko ba mu da rumbun tara ta. Batir rumbu na, ba wani abu ba."

Yadda ya koya mini, kowane batir mai caji yana da hannu biyu a ciki, kuma hannun da ke riƙe cajin yawanci da dangin gawayi ake yin sa. Shi so yake ya yi wannan hannun da ɓawon gyaɗa, wanda ake zubarwa tsibi-tsibi a bakin hanyar Tsafe. Yakan cusa ɓawon a cikin wani guntun bututun ƙarfe mai murfi gaba da baya, ya gasa shi inda iska ba ta shiga, sannan ya daka, ya tankaɗe, ya sake niƙawa har ya fi kwalli laushi. Ya ce a jikin kowace ƙwaya akwai ramuka da ido ba ya gani sai da na'ura, a nan cajin yake kwana. To amma gawayi zalla malalaci ne, kaɗan yake riƙewa. Don haka kafin gashi yakan gauraya ɓawon da takin yuriya, irin wanda manoma ke zuba wa masara, domin sinadarin naitirojin da ke cikin takin ya shige jikin gawayin ya zauna. Wannan yake kira sirki. "Awa daddawa ga miya," in ji shi. "Kaɗan ta isa. In ta yi yawa kuma ta ɓata maka tukunya."

Burinsa ya wuce nan. So yake garin nasa ya yi aiki da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin miya, maimakon litiyam da sai an haƙo shi a ƙasa. In aka tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: "Ai mun ga abin da haƙar ƙasa taj ja muna."

Kada a ce na kambama shi don ya mutu. Kaka bai ƙera batirin da zai haska ko ɗaki ɗaya ba. Gida ba shi da kayan awo, sai dai ya aika garin ga wata tsohuwar ɗalibarsa da ke koyarwa a jami'a a wata jiha. Ita ce ke sake gasawa a na'urarsu, ta shafa shi a kan ɗan faranti, ta haɗa batir ɗan mitsitsi kamar kwabo, ta yi ta caji tana saukewa don a ga ko zai jure. Sau tari labarin da take bugowa da shi ba mai daɗi ba ne. Sau ɗaya ta aiko masa da guda, ya jona masa ɗan ƙwan fitila kamar ƙwayar gero, ya kira duk gidan. Inna, matarsa kuma kakata, ta ƙanƙance ido ta ce, "Wanga shi na hasken? Malam, ko ƙwaron nan maƙyallin damina ya fi shi." Ranar yini ya yi bai kula ta ba, amma da la'asar na gan shi yana kunnawa yana kashewa shi kaɗai, yana murmushi.

Rigimarsu da Inna ba ta ƙarewa. Ya ɓata mata turmi, ya ɓata rariya, ya ɗauke mata ɗankwali sabo ya yi tankaɗe da shi. Wata rana tuwon gidan ya fito ruwan toka, Inna ta ajiye masa malmala a gaba ta ce ya ci, tunda ya ce abin ba guba ba ne. Ya cinye tas, ya nemi ƙari don ya ba ta haushi. Shi kuma laifinta a wurinsa ɗaya ne. In ta sauke tukunya ta bar garwashi yana ci, sai ya taso da butar shayinsa ya ɗora yana mita: "Ba a barin wuta ta tai a banza." Ko ba mai shan shayin sai ya dafa. Mun sha shayin dole a gidan nan ba iyaka.

Ranar da masifar ta faro ina tare da shi. Ni zan je gaida dangin mijina a Tsafe, shi kuma zai kai bututunsa wurin wani maƙeri a gyara murfin, ya kuma ba direban da ke wucewa ta Funtua gwangwanin gari ya kai wa ɗalibar. Muna cikin motar haya, dab da shiga Tsafe, 'yan sa-kai suka tsayar da mu. A lokacin an hana zirga-zirga da wasu kaya saboda 'yan bindiga, kowa a tsorace yake. Wani saurayi da bindigar toka a kafaɗa ya zazzage jakar Kaka a kan kwalta. Bututun ƙarfe ya gangaro. Ƙullin takin yuriya ya faɗo, da 'yan wayoyin lantarki. Ya buɗe gwangwanin, ya leƙa, ya yi tsalle da baya.

"Albarushi! Ku sauko, kowa shi sauko!"

In ka dubi kayan da idon yaron, ba za ka ga laifinsa ba. Baƙin gari, da bututu kamar bakin bindiga, da waya. Shi bai san ana yin batir da gawayi ba, abin da ya sani ana yin albarushi da shi, don da irinsa yake ɗura bindigar da ke kafaɗarsa. Suka zaunar da Kaka a ƙasa cikin rana, suka cire masa hula. Kaka, da yake malami ne har cikin ƙashinsa, sai ya ga ai darasi ne ya samu. Ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, gawayi na. Kawo ashana in gwada maka."

Sai ƙarar ɗana kunamar bindiga ta ko'ina. Babbansu ya ce, "Tsoho, tashe mu kaka so ka yi?" Na faɗi a gabansu ina rantsuwa, ina kiran sunan makarantar da ya koyar, ba wanda ya dube ni. Allah ne Ya kawo wani ma'aikacin lafiya a kan babur, ya gane malaminsa, ya tsaya ya yi ta roƙo har ya ajiye katin aikinsa a madadinsa. Suka riƙe gwangwanin da bututun, suka sake mu. Kaka ya kakkaɓe rigarsa, ya mai da hula, muka koma mota muka shiga gari.

An sake shi, amma fasinjojin motar nan kowa da garin da za shi. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin mu dawo Gusau ta riga mu isa Bungudu, kuma a hanya gwangwani ya zama buhu.

Da damina ta zo, 'yan bindiga suka harbe ɗan Kakan Nahuce a gona. Shi ne ɗan da ke riƙe da gidan. Kaka ya tafi ta'aziyya da Baffa. Baffa ne ya ba mu labari, don Kaka bai taɓa tayar da zancen ba. Ya ce Kaka ya miƙa wa ƙanensa hannu a gaban jama'a, ƙanen ya dubi hannun, ya dubi baƙin da ke cikin farcensa, ya mai da nasa hannun cikin riga. Ya ce, "Yaya, koma gida. Ba mu da abin ce ma juna." Tun daga ranar ba su sake haɗuwa ba.

Baffa ya yi roƙo har ya gaji. Ina nan ranar da suka yi ta sosai a tsakar gida. Ya durƙusa ya ce, "Baba, don girman Allah, ka tara mutane ƙofar masallaci ka nuna masu abin ga. Ni nika bin hanya. Jiya sai da sunka sa ni kwance buhu ɗai-ɗai, ni kaɗai cikin mota."

Kaka ya ce, "Ni? Da furfurata in tsaya ina rantsuwa awa ɓarawon akuya? Na nemi ashana sau guda, kun ga abin da anka yi mani. Wanda yas san ni ya san ni."

"To ka bar aikin."

"Sai dai in shi yab bar ni."

Ba a faɗin aibin mamaci, amma ina ganin Allah ba zai kama ni ba in na ce Kaka yana da taurin kai. A nan bai kyauta wa Baffa ba, na kuma faɗa masa tun yana da rai. Zaman ƙasan nan na bakin Tsafe ya ci masa zuciya fiye da yadda ya nuna, sai ya mai da ciwon ya zama girman kai.

Taurin kan nan dai shi ne kuma alherinsa, shi ya sa na kasa raba su. Amininsa Bafulatani, wanda na ambata, shi ma ɓarayin daji sun kore masa shanu kaf, ya dawo gefen Gusau yana zaman haya da iyalinsa. Amma a idon mutane Bafulatani Bafulatani ne. Duk Juma'a yakan zo zauren Kaka, su ci tuwo kwano ɗaya, Kaka ya duba masa fitilar solarsa da ba ta rabo da ciwo. Baffa ya ce zuwan nan yana ƙara wa wuta mai, a ce masa ya ɗan dakata. Kaka ya ce, "Uwarshi ta ba ni nono da fura sa'ad da ba wanda ka tsoron kowa. Ba ni rufe mashi ƙofa don bakin mutane." Juma'ar da ta biyo baya ma a waje ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, inda kowa zai gani.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa na buɗe ɗakin kusurwa na ɗauko wata kwalba mai faɗin baki, cike da gari. Ya riƙe ta a ƙirji kamar jariri. Ya ce ya canza wani abu a wajen sirkin da gashin, kuma tun daga yadda garin ke kama yatsa ya san ya bambanta. Na ce ya faɗa mini abin da ya canza. Ya ce sai ya warke, numfashi ba ya isarsa dogon bayani. "Wanga karon na dace, Amarya. Ɗiyar nan ta jami'a tana zuwa ta ɗauka da kanta, ba ni sake ba direba. Ki tsare mani shi." Na ce na ɗauka. Bai warke ba, kuma abin da ya canza ya tafi da shi. Kwalbar nan kaɗai ta rage da za a auna a gane.

Washegarin jana'iza da safe na tarar da Baffa a ƙofar ɗakin da mabuɗi a hannu. Ya ce masai zai zuba komai, kafin wani ya kai tsegumi a zo bincike. Na tsaya a bakin ƙofar na ce sai dai ya bi ta kaina. Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar. Ya ce, "Ke kina cikin aji da alli, ni nika gaban bindiga." Gaskiya ya faɗa, amma ban matsa ba.

Sai muka ji muryar Inna daga ɗakinta, inda take zaman takaba. Muka shiga muka durƙusa. Ta dube mu ta ce, "Ku duka biyu ba ku da wayo. Kai, in ka zuba masai, gobe a ce mun ɓatar da shaida. Ke kuma in kin ɓoye cikin akwati, a ce mun aje ma gaba." Ta sa Baffa ya kira Nahuce a waya a gabanta. Ta ce a gaya wa ƙanen mijinta, in bai zo sadakar uku ba, ita za ta fita daga takaba, ta hau mota ta zo ta zauna a ƙofar gidansa, duniya ta ga matar wansa a titi da kayan takaba. Baffa ya ce, "Inna, ba a yin haka." Ta ce, "Shi ma ya san ba a yi. Shi ya sa za ya zo."

Ya kuwa zo. Da hantsi, ana cikin rabon gumba da waina, sai ga su a kan babura, shi da dattawan Nahuce, da 'yan sa-kai biyu da suka rako su saboda hanya. Ranar an ɗan taru, don labarin saƙon Inna ya zaga unguwa, wasu gaisuwa ta kawo su, wasu kallo. Kakan Nahuce bai zauna ba. Ya tsaya a rana ya ce a gaya wa matar yaya ga shi ya zo.

Inna ta taso har bayan labulen zaure, iyakar inda za ta iya zuwa. Ta ce in cika kaskon turarenta da garwashi, in ɗauko kwalbar. Nan na gane nufinta. Ba tsoron garin nake ba, na san ba zai tashi ba. Na raɗa mata, "Inna, cokali ɗaya ya isa a gani."

Ta ce, "Duka."

"Inna, amana ce. Shi ke nan abin da ya rage na aikinsa."

"In kin rage ko cokali, su ce wanda anka rage shi na albarushin." Ta kama hannuna ta matse. "Ke ya bar maki gari. Ni ya bar mani 'ya'ya da suna. Fita."

Na ja hijabi na fita da kasko a hannu ɗaya, kwalba a ɗayan. Mace a tsakiyar zaman maza, ranar sadaka, abin da ban taɓa yi ba. Na ajiye kaskon a ƙasa. Daga bayan labule Inna ta ɗaga murya: "Jama'a, ga abin da anka ce Malam na haɗawa. Ga shi, ga wuta. In albarushi na, jikarshi za ta fara tafiya."

Na buɗe murfin. Wurin ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wani ya gudu da takalmi a hannu, liman ya tattare riga ya koma bayan bishiya, 'yan sa-kan nan suka ja da baya suna salati. Abin da ya fi sukata shi ne Baffa. Shi ma ya ja da baya. Ashe maganar mutane ta daɗe tana cinsa har ta shiga, bai tabbata da uban da ya haife shi ba. Muka haɗa ido. Sai ya sunkuyar da kai, ya dawo, ya durƙusa a gefena ya riƙe kaskon da hannu biyu.

Mutum biyu ne ba su motsa ba. Bafulatanin yana kan tabarmarsa yana jan carbi. Kakan Nahuce kuma yana tsaye dab da mu, fuskarsa kamar ta wanda bai damu ba ko ma mene ne ya faru.

Na yi bisimilla na juye kwalbar. Na ga garin yana sulalowa, laushinsa kamar ruwa, na tuna daka da tankaɗe da tuwo mai ruwan toka, na tuna hannun da ya riƙe kwalbar nan a ƙirji. 'Yar baƙar ƙura ta tashi ta kwanta a hannuna da rigar Baffa. Garwashin ya dusashe, garin ya binne shi. Muka jira. Babu ƙara, babu walƙiya, ko hayaƙin kirki babu.

Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya matso a hankali, ya tsokana tsibin da tsinke, ya sake tsokana. Ya yi wata 'yar dariya ta kunya ya ce wa ɗan'uwansa, "Wallahi gawayi na. Har ma ya kashe wutar."

Kakan Nahuce ya tsuguna. Ya ɗebi kaɗan daga gefen kaskon ya murza a yatsunsa, ya daɗe yana kallon baƙin da ya shiga farcensa. Bai ce a yafe masa ba, ba irinsu ba ne. Ya miƙe, ya cire takalmi, ya hau tabarmar da ba kowa, ya miƙa wa Baffa hannun nan mai baƙi ya ce, "Ya haƙuri?" Kalmar ba ta gama fita ba muryarsa ta karye. Dattawan Nahuce suka bi shi suka zauna, waɗanda suka gudu suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna gyara hula.

Ban ce kowa ya yarda ba, mai son magana ba ya rasa ta. Amma 'yan sa-kan nan sun gani da idonsu, kuma hanyar da ta kai ƙarya ita ta kai gaskiya. Ranar kasuwar Bungudu da ta biyo baya, an ɗaga wa Baffa shinge, har wani ya yi masa ta'aziyya. Ɗalibar Kaka kuwa ta iso bayan an watse. Na miƙa mata kwalbar. Ta ɗaga ta a rana, ta ce abin da ya maƙale a jiki bai isa ko batir ɗaya ba. Muka zauna muka yi kukanmu. Har yau ba wanda ya san ko Kaka ya dace da gaske, kuma wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Allah Ya jiƙan angona mai baƙin hannu, Ya yafe masa taurin kansa don alherin da ke cikinsa, Ya ba shi a kabari hasken da ya so ya tara wa mutane.

Saura abu ɗaya da na tsallake. Ranar nan, da maza suka zauna aka fara addu'a, na sunkuya zan ɗauke kaskon in shiga gida, hawaye ya rufe mini ido. Sai na ga ja-ja a gefen tsibin. Ashe garwashin bai mutu ba, yana ƙasa, ya fara kama garin a hankali, kamar kowane gawayi. Inna ta hango ta gefen labule. Sai ta ce da muryar da take aikena tun ina yarinya, "Ke, ɗauko butar shayinshi ki ɗora ma baƙi. Kin san ba ya son wuta ta tai a banza."

Na ɗauko na ɗora, na yi ta fifita. Ya daɗe kafin ya tafasa. Aikin da Kaka ya ƙare tsufansa a kai, buta ɗaya ya dafa. Na zuba, Baffa ya miƙa, Kakan Nahuce ya karɓa da hannu biyu ya shanye, ya miƙo kofin a ƙara masa.